Firigon Mushe Maman Lawali

Assalamu alaikum. Wakilin Gwamna, wakilin Mai Martaba, limamai da fastoci, malaman jami'a, Hajiya Tsahara da 'ya'ya, jama'ar Maradi, Tsibiri da Jiratawa, sannunmu da haƙuri.

Ni ne Ilyasu, abokin marigayi tun muna lakwal, wato makarantar boko. Na zo da hawaye, amma wallahi yau murna ta fi ƙarfinsu, ku yi mani uzuri.

Mushe Maman Lawali (a nan wurinmu "Mushe" laƙabin malamin lakwal ne) ya kasance malamin da bai san an tashi daga aji ba. Ya taɓa tsare ni a Sabon Gari, gaban wani magini mai yaɓe, ya ce, "Ilyasu, dubi makubar da yake shafa wa bango don ruwa ya zame! Haka wasu ƙwayoyin bakteriya ke yi. Fatarsu kitse ce siririya. Sai su ɗauko lizin, ɗaya daga cikin amino asid ɗin da ake gina furotin da su, su liƙa shi a jikin kitsen, su juyo shi waje. Wani maganin in ya zo, sai ya kasa kama su." Na ce, "Lawali, ni fa albasa na fito saye!"

Ya kasance mai naci. Shekara tara yana bin lambunan Jiratawa yana ɗibar ƙasa, har ya tara irin ƙwayoyin nan cikin 'yan kwalabe ɗari uku, a firigo, wato firjin ɗakin aikinshi da ke gida.

Mu kuwa, ranar sadakar uku, saura kaɗan mu kashe aikin nan da hannunmu. Rana ta ƙwalle, baƙi sun cika gida, masu hidima suka buɗe firigon, suka ce tsohon magani ne, a zubar a sa zoɓo. Hajiya Tsahara, tana cikin takaba, ta fito ta haye murfin ta zauna. Ta ce, "Ku sha shi da ɗumi." Hajiya, mun gaishe ki!

Jiya ɗalibarshi Saudatu, 'yar Tsibiri, ta kira ni tana ihu: "Baba, suna da rai! Goma na gwada, goman sun tsiro!"

To, 'ya'yan Lawali, jibi za a raba gado. Don Allah ku yafe firigon nan, ku bar wa Saudatu ta ƙarasa aikin ubanku. Nabil, kai ne babba. Na ga ka gyaɗa kai. Jama'a, kun shaida!

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Maman Lawali, Ya haskaka makwancinshi, Ya sa ilimin da ya bari ya riƙa iske shi da lada. Amin.