Jan Takin da Ɗan Haya Ba Ya Saye

A ƙofar wani shagon taki a garin Narok na ƙasar Kenya, tsoho Ole Parsaoti na zaune yana kallon wani baƙo yana loda buhuna a mota.

"Ɗana, ban ga jan takin nan a kayanka ba."

"Fotash? Ba na sayen shi, Baba."

"An ce shi ke sa alkama ta jure fari."

"Haka ne. Ƙasar da ta rasa shi, ruwa na ɗaukewa gefen ganye zai ƙone, ƙwaya ta motse. Amma amfaninsa har baɗi yake kaiwa, ni kuwa hayar damina ɗaya na kama. In ciyar da gona wani ya girbe?"

"Karan alkamar fa, kana barin shi ya ruɓe a wurin?"

"Masu shanun madara nake sayar wa. Na san fotash ɗin a cikinsa yake, amma kowa haka yake yi. In gona ta gaji, mu matsa gaba."

"Mai gonar bai ce komai ba?"

"Masu gonakin nan da shanu kawai suka sani? Ko leƙowa ba sa yi."

Wata babbar mota ta wuce maƙare da kara. Tsohon ya bi ta da ido. Sau nawa ya ɗaga wa irinta hannu daga ƙofar gidansa.

"Ni ma na daɗe da ba da tawa gonar haya ta hannun dillali. Jikana nake ajiye wa."

Baƙon ya sauke buhun da ke kafaɗarsa.

"A wane gefe take, Baba?"

"Gama lodinka, ɗana. Gara mu rabu ban san ko tawa ce ka kama ba."