Shawarar da ke cin hanta

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, barkanki da aiki. Malam Isa ne daga Agege, kuma yau da murna na rubuto.

Maƙwabcina Alhaji Tanko mai goro ne idanunsa suka yi rawaya kamar kurkum. Ya ce ai shawara ce, ya duƙufa shan jiƙo. Na ce, "Alhaji, ka sha jiƙon nan har kun fara kama da juna, tashi mu je asibiti." Da ƙyar na cusa shi a motar haya ta danfo.

Gwajin jini ya nuna ciwon hanta ne nau'in B. Likita ta ce ƙwayar cutar kan shiga cikin hanta ta sa ta buga mata kwafin kanta kamar injin fotokwafi, har takan cusa rubutun halittarta cikin na jikin mutum. Bayan shekaru abin yakan zama ciwon daji, wato kansa.

Alhaji ya ce, "Wato 'yar haya ce?"

Likita ta ce, "Mai rushe gida kuwa."

Alhamdu lillahi, tasa ba ta kai can ba, an ɗora shi kan magani. Ni kuwa na ce a duba ni ni ma, don da aska ɗaya wanzaminmu ke yi mana aski. An gwada ni, ba ni da ita, nan take na karɓi allurar rigakafi!

Saura wanzamin, wai askarsa ta gado ce, ba ya canzawa. Masu sauraro, ku taimake ni da shawara, amma don Allah ba irin ta Alhaji ba.