Damtsen Kulu Mai Dakan Fura

A bencin jiran likita, a wani ƙaramin asibiti a Ƙofar Gayan, Kulu mai dakan fura ta leƙa wayar budurwar da ke gefenta.

"'Yata, lissafin me kike ta yi tun ɗazu?"

"Na abincin da jiki ke ƙonawa, Inna, ko mutum yana kwance bai ɗaga tsinke ba. Shi nake karanta a makaranta. Nauyi ake haɗawa da tsawo da shekaru."

"To yi mini nawa. Ga katina, sun auna ni."

"Shekarunki fa?"

"Shekarar da motoci suka koma hannun dama aka haife ni."

Budurwar ta ƙirga da yatsu, ta danna waya. "Hamsin da uku. Naki kalori dubu da ɗari biyu ne a rana, ma'aunin ƙarfin abinci ke nan. In girma ya zo wutar jiki raguwa take, don tsoka na zubewa."

"Tsokar wa?" Kulu ta yaye mayafi, ta miƙa damtse. "Taɓa nan. Turmi uku nake tashi kafin hantsi, yau shekara talatin."

Budurwar ta taɓa, ta ji kamar taɓarya. "Gaskiya waya ba ta san da wannan ba. Mai tsoka ya fi ƙonawa. Mai zama da yunwa kuwa, wutarsa lafawa take."

Kulu ta riƙe yatsun yarinyar, ta ji su sanyi ƙalau.

"Ke me kika ci yau?"

"Ƙiba nake ragewa, Inna."

Kulu ta buɗe ƙwaryar furar da ta zo da ita, ta danƙa mata curin fura biyu.

"Ungo. Ni ban iya lissafi ba, amma murhuna bai taɓa mutuwa ba."