Ba A Aiken Jariri Kasuwa

Mai girma shugaban taro, manyan likitoci da ƙananansu, ma'aikatan jinya masu soka allura ba sallama, 'yan'uwana masu gyambo na da da na yanzu, da uwar 'ya'yana da ke hararata daga layi na biyu, assalamu alaikum.

An ce in yi godiya. Na gode. To, yanzu sai magana.

Na farko, gyambon ƙafata. Ciwon suga ya hana shi rufewa, har an fara zancen yankewa. Sai likitan can mai gilashi ya zo da wani abu kamar jiƙaƙƙen soso, wai a cikinsa akwai sinadarin da ke kiran sababbin jijiyoyin jini su tsiro. Na ce, "Ɗan nan, tun kana goye nake gyaran famfo. Bututu ba ya tsirowa, saka shi ake yi." Har gobe ina kan bakana. Jijiyoyin dai sun tsiro, amma ba da yawuna ba.

Na biyu, rowa. Na ce a juye mini maganin duka in huta. Ya ce a'a, soson zai riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, wai in ya yi yawa jijiyoyin za su cukurkuɗe kamar yaɗon kabewa, su yi ta yoyo. Soso ma ya koyi rowa! Ina ji na gane da wa suka yi shawara, domin haka ake auna mini shayi a gida.

Na uku, shi ne babba. Ina jinya ina da kujera a inuwa, matashi ƙarƙashin ƙafa, rediyo a cinya, jikoki suna yi mini fifita. Ranar da aka ce na warke, a ranar aka miƙo mini kwandon cefane, ƙanin matata kuma ya gaji kujerar ina da raina. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kun ceci ƙafa, kun tashi mai ƙafa tsaye!

Saboda haka likita, ka dubi furfurata, ka miƙe gaban jama'a ka gaya wa uwar 'ya'yana jijiyoyin nan jarirai ne, ba a kuwa aiken jariri kasuwa.

Me kika ce? Jama'a, wai ta ga yadda na haye matakalar nan a guje da aka kira ni. Ba ni ba ne, soson ne.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amma kaɗan-kaɗan, yadda soson nan yake yi. Allah ya mai da kowa gida lafiya, ya tarar da kujerarsa ba kowa a kai.

Na gode.