Wuyan Si Allal Mai Burodi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma shugaban ƙungiyar unguwarmu, Alhaji Tuhami, likitarmu Dakta Nazha, dattawan birnin Meknas, iyaye mata, da ku na baya da shayi ya kawo ku: assalamu alaikum.

Ina godiya da aka bai wa Bushaib mai tausa dama ya yi magana da baki, bayan shekara talatin yana magana da hannu a gidan wankan unguwa. Likita ta bayyana yadda damuwa ke ɗaure tsoka. Ni kuwa shaida na zo bayarwa, domin babu kafaɗar namiji a zauren nan da ban san sirrinta ba.

Magani na farko, ruwan ɗumi da man zaitun. Na biyu, ja numfashi a hankali, ka sauke kafaɗunka, don ba a halicce su su yi gadin kunnuwa ba. Na uku kuwa sai da labari, kuma mai labarin ya yarje mini.

Wata biyu wuyan Si Allal mai burodi ya ƙi juyawa. An yi ƙaho, an sha ƙwayoyi, na murza har yatsuna suka yi tsami, a banza. Na ce, “Si Allal, wannan wuya ne ko ƙyauren masallaci?” Ya ce, “Kai dai murza, sarkin surutu, iska ce ta buge ni.”

Iska! Duk unguwa ta san iskar. Bikin 'yarsa ya ƙarato, ga shi shekara biyu ba sa ga-maciji da yayansa Si Mbarek, wanda ya rene shi, saboda ɓauren mahaifinsu da Allal ya sare bai yi shawara ba. Tsoronsa ɗaya: a ɗaura aure yayansa ba ya wurin. Wallahi ya ba ni tausayi.

Kun san al'adarmu, ba mai cuɗa bayansa da kansa, kuma wanda ya kifa ciki a cikin tururi bakinsa ba ya rufuwa. Ranar Alhamis na kifar da Allal, na yafito Si Mbarek daga ɗakin zafi, na janye hannuna, nasa ya maye gurbi.

Allal bai sani ba, sai zuba yake: “Bushaib, yau hannunka da albarka. Ni fa na yi wa Yaya laifi. Kullum sai na je ƙofarsa, kunya ta koro ni.”

Sai murya ta ce daga bayansa, “To wa ya ce ƙofar a kulle take, shashasha?”

Jama'a, wuyan da ya gagari ƙaho, wuyan da ya gagari ƙwaya, wuyan da ya gagari Bushaib, ya juya fit! Na fita na bar su, don tururin ya fara shigar mini ido.

Saboda haka mai ciwon kafaɗa ya je wurin likita, ya zo wurina, amma ya tambayi kansa ƙofar wa yake tsoron ƙwanƙwasawa. Ga Si Allal da yayansa can a layin gaba, kafaɗa da kafaɗa. Si Allal, waiwayo jama'a su gani!

Allah ya sassauta mana jijiyoyi, ya tausasa mana zukata, ya sa albarka a bikin 'yar Si Allal ranar Juma'a, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.