Hannun Rigar Alhaji Imoru

Wa ya ƙarar da lemun tsamin kasuwar Aboabo kaf cikin kwana biyu? Ku riƙe tambayar, in gaishe ku tukuna.

Shugaban taro Baba Andani, limamanmu, masu unguwanni, iyayenmu mata da ke bayan zana, jama'ar Aboabo da Nyohini da Choggu, assalamu alaikum. Ni ne Abukari mai gyaran keke. Na gode da aka ba ni fili, ko da yake sai da na hau benci aka ba ni.

Na farko, takardar Disi, Baturen mulki, da ke manne a bakin kasuwa, ni na karanta ta, harafi harafi, ba wanda ya koya mini. Ta ce ba za a buɗe hanyar Salaga ba sai lambar rigakafin agana ta kama a hannun mutanen gari, ta kumbura, ta yi ƙurji. Amaryata Zalia tana Salaga. Wata uku ke nan da ɗaura aure. Na shafe ɗaki, na sake shafewa, na sayi gado, har yau ni ne a sama, akuya a ƙasa!

Na biyu, mun yi layi, mai lamba ya tsaga mu. Na sha zazzaɓi, hannuna ya koma kamar doya, ga shi, ku duba! Manyanmu fa? Suna fita sai bayan rumfa, a matse lemun tsami a kan tsagar, a goge da hula, wai kada ta kama. Dubagari ya zo duba hannuwa, ya same su sumul, suna ƙamshi kamar wankakken kifi. Ya ƙara mana wata guda.

Usumanu mai lemo kuwa ya ce mini, “Abukari, ni me na sani? Alhaji Imoru ya ce a kai masa kwando guda. Na ce, Alhaji, mura ce? Ya ce ba ruwanka.” Alhaji Imorun nan fa, shi ne ya zaga gari da makaɗi yana cewa kowa ya fito lamba!

Allah ya kore mana agana, ya tashi kafaɗun majinyata, ya buɗe hanya, ya kumbura hannun kowa. Na gode.

Amma ban sauka ba. Baba Alhaji Imoru, ranka ya daɗe, ga ka nan a gaba, tun ɗazu kake ɓoye hagunka cikin riga. Naɗe hannun rigar nan, jama'a su gani, ka ba mu amsa: lamba ce, ko lemo?