Bakin Ƙofar Motar Tamale

A tashar Zongo, cikin motar Tamale, na ji wani saurayi yana roƙon dattijon da ya tare bakin ƙofa.

"Baba, don Allah mu yi musayar wuri. Cikina ke murɗawa."

"Me ka ci?"

"Soyayyen kifin matar can. Man suyar ya yi baƙi ƙirin, ina jin tun azumi ba ta sauya shi ba."

"Kada ka yi mata sharri. Da babbar salla ta ƙara sabo a kai."

"Ina ka sani?"

"Matata ce."

"To Baba, tunda ka saba, bar mini ƙofar."

"Yaro, ba a sabawa. Da shi na karya yau, kuma na ƙasan kasko ta kwaso mini. Zauna inda kake."